Shafik Mai Gilashi da Gahawar da Ta Huce

In ka tambayi mutanen gangaren Abu Tor, wata unguwa a birnin Ƙudus, wane ne Shafik, za su ce maka, "Au, mai gilashin Yahudawa?" In ka hau saman tudun ka tambayi Yahudawan, sai su ce, "Balaraben nan namu? Ai shi daban yake da sauran." Duka biyun ya sha ji da kunnensa, kuma har ya haura sittin bai tantance wanne ne zagi wanne ne yabo ba.

Shagonsa yana kan titin da ya raba unguwar gida biyu, inda waya mai ƙaya ta bi a zamanin mahaifinsa. A wurin uban ya gaji yankan gilashi, ya gaji tari, ya kuma gaji rashin iya cewa a'a. Sana'a ce da ba ta mutuwa a Ƙudus. Duk sanda gari ya ɗau zafi, da safe za ka gan shi da ma'auni rataye a wuya, ya hau tudu ya gyara tagar da dutse ya fasa, ya gangaro ya gyara wadda gwangwanin barkonon tsohuwa ya fasa. Matarsa Widad takan ce, "Abu Munzir, kai kaɗai ne a garin nan in aka shirya za ka kwana da yunwa, kuma kai ne kullum cikin addu'ar a shirya." Shi dai sai ya sosa ƙeya ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata shekara wasu masu fafutukar zaman lafiya suka gano shi. Suka kai shi wani otal, suka liƙa masa sunansa a ƙirji kamar zai ɓata, suka zaunar da shi cikin da'ira, aka ce kowa ya faɗi abin da ke masa ciwo. Da aka zo kansa ya ce gwiwa. Wata baturiya ta share hawaye, ta ce shi gada ne tsakanin al'umma biyu. Ya dawo gida da jaka mai hoton kurciya, wadda har yau Widad take zuba albasa a ciki. Bai sake komawa ba, ba don ya ƙi su ba, sai don har aka tashi bai gane abin da ake so ya yi ba.

Abin da ya jefa shi cikin aikin sulhu na gaske ba taro ba ne, motar ƙwai ce.

Cikin azumi surukinsa Hajji Rabah, mahaifin Widad, ya zo musu kwana biyu don ya samu sallar Juma'a a Masallacin Aƙsa. Dangin duk tsadar haya ta kore su zuwa Kufur Aƙab, can bayan katangar da Isra'ila ta gina, sai tsohon zaurensu kaɗai ya rage a Abu Tor. Tsohon ya fito da sassafe da sandarsa, wani Bayahude mai suna Rahamim, mai kai wa shaguna ƙwai, yana yin baya da motarsa bai gan shi ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Likitoci suka ce shi da masallaci sai dai a tura shi a keke.

Tsautsayi ne, kowa ya sani, har tsohon da kansa ya faɗa. Abin da ya ƙona wa dangin rai shi ne sati ya bi sati, ba wanda ya tako daga gidan mai motar ya ce sannu. Jaudat, babban ɗan Hajji, wanda dama tun ranar ɗaurin auren ƙanwarsa yake kallon Shafik a karkace, ya ce, "Da akuyarsu aka take da tuni an rufe unguwa." Samarin gidan suka ji, suka riƙe. Wata safiya Shafik ya ja wani babban gilashi daga jikin bango, sai ga jarkar fetur a baya. Mutum biyu ne ke da makullin shagon, shi da ɗansa Munzir.

Ya zauna a ƙasa. Munzir shekararsa ashirin da huɗu, yana aiki a kicin ɗin wani otal, ba a daɗe da sa masa rana ba. Shafik ya san abin da ake yi wa Balaraben da ya ƙona motar Bayahude a garin nan. Ya sha sa gilashi a gidajen da uwa take zaune da hoton ɗanta, ba mutuwa ya yi ba, amma shekaru sun cinye shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya zubar da fetur ɗin, ya san kuma jarka ba ta da wuyar samu.

Ya hau tudu ya tare Rahamim a bakin wani kanti. Sun san juna shekara talatin, sanin da bai wuce "ina kwana" da gilashin mota ba. Rahamim tsoho ne gajere mai ƙaramar hula a tsakar ka, iyayensa daga Kurdistan suka zo, yana jin Larabci irin na kasuwa.

"Rahamim, ba ka kyauta ba. Ka karya tsoho, ko leƙe?"

"Wallahi Shafik ba na barci. Lauyan inshora ne ya ce ko waya kada in yi, wai in na ce a yi haƙuri na amsa laifi."

"To ba kai ka take shi ba?"

"Ni ne."

"To me ya rage ka amsa?"

Rahamim ya juya farantin ƙwai a hannu. Can ya ce babansa ya sha ba shi labarin yadda ake yi a can garinsu: a je da manya, a zauna, a zuba gahawa, ba mai taɓawa sai mai gida ya ce an yafe. "Amma wa zan ɗauko? Yayana cewa zai yi na haukace. Matata in ta ji, sai ta ɓoye makullin mota."

"Ka zo kai kaɗai. Ni ne manyan naka." Shafik ya ji maganar ta fito daga bakinsa, shi ma ya yi mamaki.

Jaudat ya fi wuya. Sai da Hajji Rabah ya sa baki daga kan gado, ya ce a bar mutumin ya zo ya ga fuskarsa. Jaudat ya ce a waya, "To, don Baba. Amma in muka ɗauko tsohon nan da kekensa muka tarar da kujera ba kowa, ba ruwana da abin da yara za su yi." Shafik ya kama gashin bakinsa ya rantse, ko da yake ba mai ganinsa. Aka tsayar da Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar salla, don ita ce ranar da samarin ba sa aiki.

Nan ne ya yi kuskuren da yaron goye a Ƙudus ba zai yi ba. Tun da yake, in zai yi alkawari da nasa, cewa yake yi bayan la'asar ko bayan magariba. Wannan karon, don kada a samu saɓani, ya ce bari ya yi abu irin na mutanen saman tudu, ya faɗi lamba. Ya ce wa Rahamim ƙarfe biyar, ya ce wa Jaudat ƙarfe biyar. Ya manta cewa a makonnin nan Isra'ila ta riga ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, Ramallah kuwa, wadda su Jaudat suke bin agogonta can bayan katanga, ta ce sai an gama hidimar salla. A shagonsa agogo biyu ne a bango saboda irin wannan, kuma shi ne mai tsokanar masu ciniki da "Biyar ɗin wa?" Sai ga wanzami ya zo da jarfa a goshi.

Ranar Juma'a Widad ta dafa gahawa mai ɗaci ta cika filas. Munzir ya jera kujeru sahu biyu suna fuskantar juna, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Biyar daidai, biyar ɗin saman tudu, motar ƙwai ta tsaya a ƙofar zaure. Rahamim ya fito cikin farar rigarsa ta Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya aske, yana rungume da kwalin alewa. Shafik ya so ya ce masa, duk motocin duniya ka rasa wadda za ka zo da ita sai wannan? Amma ya tuna mutumin ba shi da wata.

Ya zaunar da shi, ya zuba masa gahawa a finjali ya ajiye gabansa kamar yadda ake yi. Sannan ya tsaya a tsakiyar zauren ya rasa inda zai zauna. Sahun dama na surukansa ne, na hagu na baƙo. Ya ɗosana a nan, ya tashi, ya ɗosana a can. Daga ƙarshe ya fita waje ya kira Jaudat.

"Kuna ina? Mutumin ya iso."

"Ya iso? Uban me yake sauri? Yanzu huɗu ta gota, ko wanka ba a gama yi wa Baba ba."

Shafik ya dubi wayarsa, ya dubi rana. "Jaudat, biyar ta wuce."

"A agogon wa? Ni agogon 'yan mamaya ba ya hawa hannuna, ka sani."

Har yau Shafik bai san ko da gangan Jaudat ya yi ba. Wani lokaci ya ce da gangan ne, wani lokaci ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Ya koma ciki ya yi wa Rahamim bayani yana haɗa gumi. Rahamim ya yi lissafi da yatsu ya ce ba komai, in suka iso shida akwai sauran rana, zai sha gahawarsa ya kai gida kafin rana ta faɗi, Asabar ɗinsu ta shiga.

Shida ta yi ba su zo ba. Jaudat ya bugo ya ce suna shingen sojoji, layi ba ya motsi. Aka zauna mutum uku ana jira. Ƙuda ya sauka a bakin finjalin, Rahamim ya kore shi da hannu bai taɓa finjalin ba. Can sai jiniyar Asabar ta tashi daga yammacin gari, wadda ke gaya wa matan Yahudawa su kunna kyandir, maza su ajiye mota. Wayar Rahamim ta fara ruri. Ba sai ka iya yarensu ba ka san matar aure ce ke magana.

Ya miƙe. "Shafik, in ban tafi yanzu ba, ba ni da halin taɓa mota sai gobe bayan faɗuwar rana. Tun da aka haife ni ban taɓa shiga Asabar a waje ba."

Munzir ya yi wata 'yar dariya daga bakin ƙofa. "Baba, ka bar shi mana. Dama mun san ba zai jira ba." Ya zaro wayarsa ya fara latsawa, zai sanar da samarin.

Shafik ya ga yatsan nan yana tafiya a kan waya, ya ji kamar a ƙirjinsa ake latsawa. Bai da hujja, bai da wa'azi, duk maganganun otal ɗin nan ba wadda ta zo masa. Ya riƙo hannun rigar Rahamim ya ce a hankali, yadda yaron ba zai ji ba, "Wancan ɗana ne. Shi ke nan gare ni. In ka fita ƙofar nan, na rasa shi."

Rahamim ya dubi Munzir ya daɗe. Ya dubi mota, ya dubi bango inda rana ta koma ja. Ya faɗa wa matarsa wata magana gajera ya kashe wayar. Sannan ya zazzage aljihunsa, waya da makulli da walat, ya ɗora a kan tebur, ya koma ya zauna gaban finjalinsa.

"Da ƙafa zan koma," in ji shi. "Unguwarmu Katamon ba Bagadaza ba ce. Amma in matar nan ta kashe ni, kai za ka yi wa 'ya'yana bayani."

Ana kiran magariba suka iso, mota uku, kowa a fusace da layi da yunwa. Aka sauko da Hajji Rabah a kekensa. Da Jaudat ya ga motar ƙwai a ƙofar zauren ubansa sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Aka yi salla a gurguje, Rahamim yana zaune a kusurwa yana motsa leɓe da tasa addu'ar. Sannan aka cika sahun dama. Shafik ya ja dogon numfashi ya je ya zauna a hagu, kusa da Bayahuden, yana jin idon surukansa a kansa.

Rahamim ya miƙe ya yi magana da Larabcinsa na kasuwa. Ya ce shi ya take Hajji, ba kuma wani ba. Ya ce ya ji tsoron lauya fiye da yadda ya ji kunyar Allah, wannan kuma ya fi karayar muni. Sannan ya je ya durƙusa ya sumbaci hannun tsohon. Hajji ya gyaɗa wa Jaudat kai.

Jaudat ya dubi finjalin da ke gaban baƙo, baƙi ƙirin, har ya yi fata a sama. "Wannan mene ne? A zauren ubana za a ba baƙo gahawa mai sanyi? Ku ɗora sabuwa!" Aka ruga aka kunna gas, aka kawo ta tana tururi. Jaudat ya zuba da hannunsa ya ajiye, ya faɗi maganar da ake jira, kamar ana zare masa haƙori: "Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu."

Rahamim bai miƙa hannu ba.

"Ba zan iya shan wannan ba."

Kujeru suka yi ƙara. Wani saurayi ya ce, "Kun ji ko? Ƙyamarmu yake yi!" Wani ya ce dama wulaƙanci ya zo yi. Mutumin da ya bar gidansa, ya bar matarsa, ya sumbaci hannu, shi ne kuma zai ƙi kurɓa ɗaya? Shafik ya rasa a wane sahu yake, ya rasa ma da wane yare zai tambaye shi.

"Rahamim, don girman Allah, me kuma ya faru?"

"An kunna mata wuta bayan rana ta faɗi, kuma domina. Haramun ce a gare ni har gobe. Waccan," ya nuna mai sanyin, "waccan tun da rana aka dafa ta. Ita zan sha."

"Ba za a yi ba!" in ji Jaudat. "Gobe a ce gidan Rabah sun yi sulhu da gahawar jiya? Ni za a mayar abin dariya?"

"To ni kuma in saɓa wa Ubangijina a kan finjali?"

"Wa ya ce ka zo ranar Juma'a?"

"Ku kuka ce Juma'a! Kuka ce biyar!"

"Biyar muka ce, ba huɗu ba!"

Duk suka juyo kan Shafik a tare, karo na farko da sahu biyun suka yarda a kan abu ɗaya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai tarin da ya gada.

Hajji Rabah ne ya buga sandarsa a ƙafar keke. Muryarsa ba ƙarfi, sai da aka yi shiru aka ji shi. "Tun yaushe finjalin nan yake gabansa?"

Munzir ne ya amsa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa: "Tun biyar ɗinsu, Kaka. Bai taɓa ba. Da jiniyarsu ta yi ya tashi zai tafi, sai ya fasa."

Tsohon ya ce, "To ba sanyi ta yi ba, jiranmu ta yi. Akwai saura a filas ɗin? Ku zubo min." Aka zuba masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Widad ce ta dafa, na ji hannunta. Ko da zafinta haka take. Sha, ɗan Kurdawa, kada ka bar ni ni kaɗai cikin wannan azaba."

Rahamim ya ɗaga finjalin ya shanye har da gari. Wasu suka yi dariya, wasu suka ƙi. Jaudat bai sha ba, amma ya miƙa hannu aka gaisa, yana kallon gefe.

Da Rahamim ya tashi tafiya, sai aka lura da kayan da ke kan tebur. Ya ce ba shi da halin taɓa su, motar ma nan za ta kwana ta wuni. Samarin suka dubi juna. Jaudat ya tsaya yana kallon makullin, yana huci, don ya san abin da al'ada ta ɗora masa kuma ba ya so. Can ya ɗauka ya cilla wa Munzir.

"Kai da 'yan uwanka. Dukiyar baƙo ce a ƙofar kakanku. In ko ƙwarzane na gani a jikinta, fuskar Baba kuka ƙwarzana."

"Kawu, ni?"

"Da ubanka nake magana?"

Shafik ya raka Rahamim har bakin titin da ya raba unguwar. Ba su yi wata magana mai nauyi ba. Rahamim ya ce takalmin Asabar ɗin nan ba na tafiya ba ne, Shafik ya ce ya bi ta hanyar tsohuwar tasha, ta fi sauƙin hawa. Ya tsaya yana kallon farar rigar har ta sha kwana.

Washegari da safe ya gangara zauren. Widad ta tambaye shi a ƙofa ko yanzu an shirya ke nan, ya ce wallahi bai sani ba. Jaudat bai sha ba, gari yana nan yadda yake, jibi ma wataƙila a kira shi gyaran taga. Ya tarar da motar ƙwai inda aka bar ta. Don sabo ya zagaya ta yana shafa gilasan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya lau. A gefenta Munzir ne a kan kujerar roba, ya lulluɓa da bargon kakansa, barci ya sace shi baki buɗe, makullin yana damƙe a hannunsa.

Shafik ya daɗe a tsaye yana kallonsa, idonsa ya cika. Bai tashe shi ba. Ya jawo wata kujerar ya zauna kusa da shi ya karɓi gadin.